Gayyar da Na Kira a Ƙasar Sin

Shekara biyu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a aji shida na firamare na tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abu in ƙara masa ko in rage, alhali akwai haƙƙin mutane a ciki. Sau biyu ina farawa ina yagewa. Na farko na ga kamar ina yabon kaina, na biyu na ga kamar ina tona asirin waɗanda suka rufa mini nawa. Abin da ya sa na daure a wannan karon shi ne akwai mutumin da nake nema, na bi duk hanyar da na sani ban same shi ba. Sai matata Asabe ta ce, "Malam, ka rubuta kawai, ƙila idon wani nasa ya kai." Inda na yi kuskure Allah ya yafe mini.

Sunana Haladu. A Indabo aka haife ni, amma a Sabon Garin Wudil nake zaune. Ni ne magatakardan wata 'yar ƙungiya ta manoman shinkafa, mu talatin da ɗaya. Mun gaji da sayar da shanshera da araha, sai muka yi shekara uku muna tara kuɗi don mu sayi injin casa namu na kanmu, irin wanda yake cire ɓuntu da tsakuwa ya fitar da shinkafa fara sol. Da aka zo zaɓen wanda zai je ƙasar Sin, shugabanmu Alhaji Garba na Dagumawa ya nuna ni.

Ya ce, "Haladu za a tura. Mutumin da yake komawa sau uku ya duba kwaɗon da ya kulle da hannunsa, ai ba zai yar mana da kuɗi ba."

Kowa ya yi dariya ban da ni.

Aka canja kuɗin zuwa dala aka zuba a asusun ƙungiya, wanda ni da Alhaji Garba muke sa wa hannu, aka ba ni kati da sunana a jiki. Ranar da na karɓa, ma'aikacin bankin ya yi mini wani bayani da sauri, rabi Hausa rabi Turanci. Akwai layi a bayana, na ji kunyar in ce ya maimaita, sai na yi ta gyaɗa kai. Ni a tunanina asusu kamar rumbu yake. In dai hatsin yana ciki kuma naka ne, ka ɗebi kwano ɗaya ko ka kwashe duka, ba mai hana ka.

Abin da na fara gani a Gwanzo, birnin da na sauka a ƙasar Sin, shi ne filin jirginsu. Na rantse da an ɗauko kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, har da kara da shanunta, an saka a ciki, da sauran wuri ya rage. Ƙasa kanta tana tafiya da mutum. Na ga mutane sun tsaya cik amma suna wucewa, na ja gefe na bi ta inda ba ya motsi. A wajen kwastan ba wanda ya tambaye ni komai, amma zuciyata ba ta bar ni na wuce ba. Na je da kaina na buɗe jaka na nuna musu abin da Asabe ta ɗaure mini: garin kuka, daddawa, yaji, da goro ashirin a ganye. Suka karɓe goron. Wani ma'aikaci ya kwance ƙullin daddawar ya kai hanci, ya ja da baya yana tari, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shinshina. Suka daɗe suna shawara, daga ƙarshe suka mayar mini da hannu biyu kamar suna roƙona in tafi da ita.

Daga nan na shiga jirgin da yake bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ban ga direba ba, ban ji ƙara ba, ƙofa tana buɗewa tana rufewa ita kaɗai. Da muka fito sarari na ɗaga kai don in ga ƙarshen wani bene, hulata ta faɗi. Hanyoyi hawa-hawa, wata a kan wata, har huɗu na ƙirga. Na tuna yadda muke kai baƙo ya ga gadar Wudil muna alfahari, na ce Allah mai iko. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ban ga kuɗi a hannun kowa ba. Wata tsohuwa tana gasa dankali a bakin titi, mutum zai ɗauka, ya nuna wayarsa ga wata 'yar takarda, ya yi gaba. Na tsaya ina kallo ko za ta bi shi da ihu. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Alhaji Garba ya ba ni kwatancen wata mata, Hajiya Baraka, 'yar asalin Kano da ta shekara goma sha a can. Tana da gidan abinci a hawa na tara na wani bene, inda 'yan kasuwarmu suke taruwa, kuma tana jin yaren Sin kamar a can aka haife ta. Da na yi sallama ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Kai ne na Wudil? Malam, sauke jakar nan daga ƙirjinka, ba mai ƙwace maka. Tun daga lif na gane ka, ka rungume ta kamar jariri."

Na ce, "Hajiya, amanar mutane ce."

Ta ce, "Duk wanda ka gani a ɗakin nan amanar mutane ya ɗauko. Zauna ka ci."

Ta sama mini ɗaki a hawa na ƙasa da nata. Sanyi ake yi irin mai shiga ƙashi, ga yayyafi ba ya ɗaukewa. Na zauna a bakin taga ina kallon fitilu da motoci, ba kiran salla, ba kukan akuya, ba wanda zai ce mini ina gajiya. Na lissafa, na ga a gida yanzu Asabe take ɗora tukunyar rana, ni kuwa har na yi isha. Kewar gida ta kama ni.

Ranar Talata Hajiya ta raka ni masana'antar, tafiyar awa ɗaya da wani abu. Mai wurin, Mista Lin, gajere ne mai yawan murmushi. Ya shiga da mu wani ɗaki mai tsawon da ba na ganin ƙarshensa sosai. Na ga ƙarfe yana ɗaukar ƙarfe yana ɗora wa wani ƙarfen, ba hannun ɗan'adam a kusa. Na yi ta salati a zuci. Aka kunna irin injin da muke so, aka zuba buhun shanshera ta sama. Kafin in gama gyara tsayuwa, ɓuntu yana fita ta nan, tsakuwa ta can, shinkafa tana zubowa ta gaba kamar ruwa. Na ɗebo na duba a tafin hannu, na ciji ƙwaya, na nemi karyayya da ƙyar na sami biyu. Na tuna mahaifiyata da turmi, da yadda kafaɗarta take ciwo har ta rasu. Hawaye ya zo mini, na yi kamar ƙaiƙayi ne ya shiga idona.

Muka yi ciniki, Hajiya tana fassara. Da muka daidaita na miƙa masa hannu na ce, "Allah ya sa albarka." Ya kawo takarda. Hajiya ta karanta ta ce sharaɗin shi ne a ba da kashi ɗaya cikin goma yau a matsayin kafin alƙalami, ragowar kuma kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Daga ranar za su rufe masana'antar kusan wata guda don bikin sabuwar shekararsu, kuma kwantenar ƙarshe a daren za ta tafi tashar jirgin ruwa. In ba a cika ba, injin ya koma na wani, kafin alƙalami kuma ya tafi.

Na ce, "Kuɗin suna nan duka." Na miƙa kati. Aka zura a ɗan injin kati, na kare da hannu na danna lambar sirri, rasit ya fito. Na ce a raina, ashe abin ba wuya. Da zan biya duka a lokacin ma, amma hali na ya hana, na ce bari in kwana in sake karanta takardar.

Laraba na koma ni kaɗai da niyyar cikawa. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta zura katin, ɗan injin ya yi ƙara, ya nuna ja. Ta sake, ja. Sau huɗu. Gumi ya karyo mini a cikin wannan sanyin. Abin da ya fara zo mini shi ne an kwashe kuɗin. Na ga fuskokin mutum talatin ɗaya bayan ɗaya, har da ta Iya Ta-Annabi, bazawarar da ta sayar da tumakinta biyu ta shiga ƙungiyar. Mista Lin ya yi magana a bakin wayarsa, wayar ta mayar da ita Turanci ya nuna mini. Abin da na iya tsinta shi ne a gwada kaɗan. Aka gwada daidai irin na jiya, ya fita. Aka ƙara ko sisi, ya ƙi.

Na jira har aka buɗe banki a gida na buga waya. Wanda ya ɗauka ya duba ya ce, "Baba, kuɗinku suna nan lafiya. Amma katin yana da iyaka. Ba ya fitar da abin da ya wuce haka a rana ɗaya. Ai an gaya maka ranar da ka karɓa."

Na ce, "To a ɗaga iyakar mana."

Ya ce, "Sai mai katin ya zo da kansa ya cike takarda ya sa hannu."

Na ce, "Ɗana, ina Chaina."

Ya ce, "To in ka dawo."

Na tambaya ko za a tura wa masana'antar kai tsaye daga asusu, ya ce akwai takardun da za a nema, abin zai kai sati biyu. Na zauna a kan wata kujerar roba na yi lissafi da yatsu. Na biya kashi biyu. Gobe ɗaya, jibi ɗaya, huɗu ke nan. Saura shida. Hatsi yana cikin rumbu, amma ƙofar ba ta wuce a zura hannu ba. Kuma laifin nawa ne, don na ji kunyar in ce wa yaro ɗan cikina ya maimaita magana. In injin nan bai bi kwantenar ba, shinkafar rani za ta nuna ba mu da shi, kuma abin da na riga na biya ban san yadda zan karɓo ba.

Alhamis da safe, bayan na je na biya kashi na uku, wani ya tare ni a ƙofar benenmu. Bahaushe ne, tsaf da shi, ga turare, ya ce sunansa Nasiru. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi mutanen gida da ruwan kogi. Ya ce ya ji matsalata, ban san a bakin wa ba.

Ya ce, "Baba, wannan ai ƙaramin abu ne. Akwai wani ofis da suke buɗe kati. Ka ba ni shi da lambar, awa biyu na dawo maka da kuɗinka a hannu. La'adata kaɗan ce."

Wallahi har na sa hannu a aljihun da Asabe ta ɗinka mini a cikin riga. Sai na ce, "To mu je tare."

Ya ce, "Ba sa son baƙuwar fuska."

Na ce, "To mu hau wajen Hajiya Baraka ta zama shaida."

Ya duba agogo, ya ce yana da wani uzuri, zai dawo da azahar. Har yau bai dawo ba. Na hau sama.

Na sami Hajiya a kicin tana yanka albasa. Da na faɗa mata sunan, ta ajiye wuƙar.

Ta ce, "Nasiru? Da yanzu kana nan kana birgima. Malam Haladu, me ya hana ka gaya mini tun jiya?"

Na ce, "Kunya."

Ta ce, "Kunyar nan ita ta kawo ka nan, ba ta ishe ka ba?"

Ta ce ba ni kaɗai ba ne, duk 'yan kasuwar da ke cin abinci a wajenta katinsu yana da iyaka, wani babba wani ƙarami, shi ya sa suke biyan kayansu kaɗan-kaɗan tun da wuri. Ban san lokacin da na ce, "Ashe kowa fartanya ɗaya gare shi."

Ta ce, "Me?"

Na ce, "Hajiya, a Indabo in gona ta fi ƙarfin mutum kuma ciyawa tana neman cinye ta, gayya yake kira. Ya bi gida-gida da goro, kowa ya zo da fartanyarsa, a gama kafin azahar. Mai gona kuma ya yi abinci. In kowa ya zo da katinsa ya biya abin da zai iya, Alhaji Garba yana da hannu a asusun, sai ya shiga banki ya tura wa kowa nasa a ranar. Shi a cikin banki ba wannan iyakar."

Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce, "Gayya a Gwanzo! Kuma da me za ka ciyar da su? Waɗannan sun ci shinkafa har ta gundure su."

Na sauka na ɗauko ƙullin da kwastan suka mayar mini. Ta kwance daddawar. Ta ɗaga ta kai hanci ta lumshe ido. Ta ce wata uku rabonta da ta gaske.

Ta ce, "Zan tsaya maka. Amma ka ji, waɗannan 'yan kasuwa ne. Ka ce musu rance ne na awa biyu, kar ka je kana musu zancen fartanya."

Da yamma na buga wa limamin unguwarmu waya na tambaye shi ko akwai riba a ciki. Ya ce muddin abin da mutum ya bayar shi za a mayar masa, ba ƙari ba ragi, babu laifi. Na sake tambayarsa game da abincin. Ya ce in ba sharaɗi ba ne, kuma duk wanda ya zo zai ci, ko ya ba da kati ko bai bayar ba, in kwantar da hankalina. Na sake kira a karo na uku, ya ce, "Haladu, don Allah ka bar ni in yi alwala."

Ranar Juma'a na je masallaci. Ban taɓa zaton zan ga Sinawa da fararen huluna suna sujada ba, ga Larabawa, ga Indiyawa, ga baƙaƙe irina, sahu har waje. An ce masallacin ya girmi duk wani gini da na sani. Na yi addu'a kamar ban taɓa yi ba. Da aka sallame na tsaya inda mutanenmu suke taruwa suna gaisawa, riƙe da ledar dabino a madadin goro. Duk abin da Hajiya ta koya mini ya gudu daga kaina.

Na ce, "Salamu alaikum jama'a. Ni baƙo ne daga Wudil. Gona ta fi ƙarfina, na zo kiran gayya."

Aka fashe da dariya. Wani mai ƙiba da ake kira Alhaji Sani mai yadi ya ce, "Malam, fartanyata na baro ta a Bichi shekara talatin da suka wuce."

Na ce, "Tana aljihunka, Alhaji, ta roba ce."

Na yi musu bayani tiryan-tiryan. Wasu suka juya suka tafi. Wani ya ce shi bai san ni ba, kuma ya yi gaskiya. Wani ya ce an taɓa yi masa irin wannan. Sai Alhaji Sani ya ce, "Wa ya tsaya maka?"

Na ce, "Hajiya Baraka. Kuma akwai tuwo da miyar kuka, da daddawar Wudil."

Ya ce, "Kai, da ka fara da wannan!" Ya miƙo hannu ya ɗauki dabino.

Mutum shida suka karɓa. Muna shirin shiga mota sai wani dattijo da yake tsaye a gefe tun farko, bai yi dariya ba bai yi magana ba, ya matso ya ɗauki dabino ɗaya. Dogo ne siriri, da rigar sanyi ruwan toka a kan kaftani, ɗan yatsansa manuni na hagu ya guntule daga gaɓar farko. Na ji wani ya kira shi Malam Idi. Ya shiga ya zauna a baya.

Mun isa masana'antar tare da Hajiya ƙarfe huɗu saura. Ma'aikata har sun fara fita da jakunkunansu, an liƙa jajayen takardu a ƙofofi. Mista Lin ya ga mutum tara sun shigo masa, ya dubi Hajiya. Ta yi masa bayani. Ya buɗe baki, sannan ya kira mutanen ofishinsa su zo su gani. Na fara zura nawa, kashi na huɗu ya fita. Sai Alhaji Sani ya tattare hannun riga kamar mai shiga kunyar gona, ya ce, "Bismillah, a ba ni wuri." Nasa ya ɗauki kashi biyu shi kaɗai. Na biyu ya zo, na uku ya zo. Suna tsokanar juna. "Wannan katin naka ko kaza ba zai saya ba." "Kai naka ai sai an tura shi kamar tsohuwar mota." Ni kuwa ina gefe da littafi ina rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, ina karɓar rasit ina dubawa sau biyu. Katin na biyar ya nuna ja, aka rage adadin aka sake, ya wuce.

Da na shida ya gama, yarinyar ta danna lissafi ta juyo mana da shi. Saura kaɗan, bai kai rabin kashi ɗaya ba, amma a gida kuɗin ɗan bijimi ne. Kowa ya kai iyakarsa. Agogo ya nuna biyar saura kwata. A waje motar kwantena tana ta hayaƙi.

Malam Idi ya taso daga inda yake zaune. Ya zaro wani tsohon walat da aka ɗaure da roba, ya miƙa kati. Ɗan injin ya yi shiru na ɗan lokaci wanda ni a wajena ya kai shekara. Sai rasit ya fara fitowa.

Mista Lin ya buga hatimi, ya tafa hannu, mutanensa suka tafa. A gabana aka ɗaga injin aka zura a kwantena aka kulle. Na je na taɓa kwaɗon. Na koma na sake taɓawa. Alhaji Sani ya ce, "A riƙe mutumin nan kar ya bi motar."

Muka dawo gidan abincin Hajiya. Ƙamshin miyar ya cika hawa na tara, har waɗanda suka ƙi karɓar dabino sai ga su, kuma kowa aka zuba masa. A lokacin Alhaji Garba yana zaune a banki tun da aka buɗe, na tura masa sunaye da lambobi. Ana cikin cin tuwo wayoyi suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce, "Nawa ya shigo." Wancan ya ɗaga hannu da miya a jiki ya ce, "Ni ma." Na yi ta soke suna a littafi har shida. Abin mamaki, mutum yana zaune a Kano da hantsi, ya sa hannu a takarda, waya ta yi ƙara a ƙarshen duniya da magariba.

Saura Malam Idi. Shi kaɗai ne bai ba ni lamba ba. Na same shi a wajen wanke hannu, ya cinye tuwonsa tas.

Na ce, "Malam, lambar asusunka. Alhaji yana jira."

Ya ci gaba da wanke hannu. Ya ce, "Me ka ce ka kira a ƙofar masallaci?"

Na ce, "Gayya."

Ya ce, "A garinku ana biyan ɗan gayya?"

Na ce, "Ba a biya, amma wannan daban ne. Kuɗi ne, Malam, ba ƙarfi ba. Na yi bayani cewa za a mayar."

Ya ce, "Ni ban ji wannan ba, gayya na ji. Shekarata ashirin da wani abu rabona da in ji an kira ta. Ubana har ya rasu bai taɓa jin an kira ya zauna a gida ba." Ya goge hannu da hankici. "Na yi aiki, na ci tuwo. Mun rabu lafiya."

Na riƙe hannun rigarsa na ce, "Don girman Allah kar ka ɗora mini wannan. Ba zan iya barci ba."

A nan ne ya yi murmushi karo na farko. Ya ce, "To ai ka san sauran ƙa'idar. Ranar da na kira tawa, sai ka zo."

Wayata ta yi ƙara, Alhaji Garba ne yana tambayar na bakwai. Na juya don in ji shi sosai saboda hayaniya. Ban yi minti biyu ba. Da na waiwayo, ƙofar lif tana rufewa. Na bi matakala da gudu hawa tara, na fito titi, mutane kamar ruwa. Hajiya ta ce sau biyu kawai ya taɓa cin abinci a wajenta. Alhaji Sani ya ce ya san dai yana sayen kayan gyaran keken ɗinki, kuma ya ji yana cewa jirginsa da asuba ne. Na roƙi Mista Lin, rasit ɗin bai nuna komai ba sai lamba huɗu na ƙarshen katin.

Injin ya iso Wudil ana saura kwana goma a fara yankan shinkafar rani. Ranar da aka kunna shi mutane suka zo daga Indabo da Dagumawa suna kallo, Iya Ta-Annabi ta tara hannu biyu a bakinsa tana kuka. Kuɗin Malam Idi kuwa ƙungiya ta yarda a ware su, suna nan yadda suke, ba a taɓa ba. Liman ya ce kyauta ce, ta halatta. Na yarda. Amma ba kuɗin ne suke hana ni sukuni ba. Mutum ya ce in ya kira in zo, na kuma amsa a zuciyata, alhali ban san inda gonarsa take ba. Kullum sai in ce, ƙila ya kira tun bara, ya duba hanya bai gan ni ba.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya shiga hannunsa. Sunansa Malam Idi, zai haura shekara sittin, dogo siriri, manuninsa na hagu guntu ne. Yana sana'ar kayan keken ɗinki. Hausarsa ta yamma ce, irin ta wajen Katsina ko ƙetaren iyaka. In ka san shi, ko ɗansa, ko maƙwabcinsa, ka aiko da saƙo Sabon Garin Wudil, a tambayi Haladu na injin shinkafa, kowa zai nuna. Ba sai ya karɓi komai ba in ba ya so. A gaya mini garin da ranar kawai. Mu talatin da ɗaya ne, kuma kowa ya ce da fartanyarsa zai zo.